Mutanen Mas'uda Sun Wuce Wata

Duk Goronyo an san Mas'uda matar Haliru mai albasa tana rubutu. Ɗiya huɗu gare ta, ga goyo, amma da ta sauke tukunya sai ta jawo littahin nan nata mai bangon miya. Labarin wani jirgi take yi, wanda yak kwashi Musulmi arba'in zuwa wata duniya can bayan taurari. Da la'asar matan unguwa kan taru tana karanta musu.

Sai ta kai su azumi. Ran ashirin da tara, jirgi ya daɗe da wuce wata, ya baro shi baya kamar kasuwar Shinaka. To mi za su duba su sha ruwa? Nan alƙalami yat tsaya, don Mas'uda ba ta ƙaga ma addini hukunci da ka.

"Ke, ba ki jin tsoron Allah?" in ji maƙwabciyarta Habi. "Sati ukku kin bar bayin Allah da ƙishirwa, har da mai ciki!"

Shekarar ce anka yanke sabis, waya ta koma madubi, balle Mas'uda ta tambayi malaman nesa. Hanyar Sakkwato kuwa sai da addu'a. Mai amsar yana nan cikin gida, taki goma daga madafinta: Malam Isah, surukinta, wanda ko sunansa ba ta iya faɗi.

Ta roƙi Haliru.

"Ni in tambayi Baba wanga zance? Ya ce na auro mai iskoki? Bar ni da albasata."

Sau biyu tana durƙusawa ƙofar zauren Malam da ƙwarya, bakinta ya buɗe, abin da ya fito kaɗai shi ne, "Baba, ga hura."

Rannan ta ja tabarma jikin bangon zaure. Ta karanta ma mata babin da ƙarfi kamar mai kiran awaki, ɗan goyo na tsala kuka, ba ta ko jijjiga shi ba. Can ciki anka yi gyaran murya.

Washegari Malam ya tsaya tsakar gida, ya dubi matarsa, bai dubi kowa ba.

"Asta, a ce ma mai littahi, su bi lissafin garin da sunka taso, su cika talatin."

Mas'uda ta ji kamar ta yi guɗa cikin hayaƙin madafi.

"Sannan ita yarinyar da ka tuƙin jirgin, Nafisa take ko wa? Tahiyar shekara tara, ina muharraminta? Kada jirgin nan ya ƙara gusawa sai an gaya mini. Kuma a riƙa karatun nan jikin bango."

Mutanen dai sun yi salla, sun ci tuwo. Amma yau wata biyu jirgi na rataye wuri guda, Mas'uda na tuƙa tuwo tana laluben yadda za ta samo ma Nafisa wa ko ƙane cikin mutum arba'in da ta riga ta lissafa sunayensu.