Daminar da Baba Bi-doka Bai Shuka Ba

"Ka shuka, Baba! Wa zai gan ka?"

Ta kan katanga nake masa magana, almakashin ɗinkina a hannu. Ruwan farko ya sauka da safe, ƙasa sai ƙamshi take, maƙwabcina kuwa yana zaune a tsakar gida ya harɗe hannuwa kamar mai jiran aski.

"'Yata, hukuma ta ce a dakata."

"Hukumar ce za ta ciyar da ku?"

"Mai haƙuri yakan dafa dutse."

"To Inna ta hura wuta, dutsen za ku ci bana."

Matarsa Inna ta yi dariya, shi bai yi ba. Ba a banza unguwa ta sa masa Bi-doka ba. Mutumin da ko shi kaɗai ne a bakin famfo sai ya tsaya a layi.

Gonarsa tana bayan gari, gadon ubansa ce. Wani kamfanin gine-gine ya saye gonakin dama da hagu, sannan ya nemi ƙaramar hukuma ta mai da yankin duka wurin gidaje. In an amince, noma ya ƙare a nan, titi kuma ta tsakiyar gonar Baba zai bi. Baba ya ƙi sayarwa, ya kai kuka. Sai aka kafa allo a bakin hanya: kada kowa ya taɓa ƙasar har kwamiti ya gama nazari. Motocin kamfani suka yi kunnen uwar shegu da allon, kullum suna juye yashi. Mutum ɗaya ne a duniya ya ɗauki allon nan da gaske.

Na raka shi ofishin filaye sau ba adadi, don gwiwarsa ba ta son matakala. Benci ɗaya, fanka mai kuka, da magatakarda da ba ya ɗaga kai daga wayarsa.

"Ranka ya daɗe, damina na wucewa. Ko gefe ɗaya a bar ni in shuka?"

"Baba, ka taɓa wurin nan, ka ɓata ƙararka da kanka. Kwamiti na nan tafe."

Ya yi godiya. Wallahi har da rusunawa! Ni kuwa ji nake kamar in kife teburin.

Haka damina ta yi ta zuba a banza. Kullum da safe ya tafi ya zauna a kan iyaka, yana kallon ciyawa tana cin gonarsa. Ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Abinci ya daina shiga, riguna suka yi masa yawa, ni na rage masa su da hannuna. Inna ta ce hawan jini ne. Ni na ce baƙin ciki ne, ko a gaban likita zan faɗa.

Sai da ruwa ya kusa ɗaukewa kwamiti ya iso, mota biyu, takalma na ƙyalli. Baba ya sa rigarsa ta fita, ya dafa kafaɗata muka je. Shugabansu ko titi bai bari ba. Ya leƙa, ya sa aka ɗauki hoto.

"Wannan ce gonar? Ai jeji ne. Ba a noma a nan."

"Ranka ya daɗe, ku kuka ce a dakata."

"Mu abin da ido ya gani muke rubutawa, Baba."

Ban san lokacin da na saki Baba na sha gabansa ba. "Ku ji tsoron Allah! Kun ɗaure mutum, kun dawo kuna cewa ba ya tafiya? Yashin can fa, daga sama ya faɗo?"

"Malama, a yi magana da ladabi."

"Ladabin ne ya kai shi nan!"

Suka shige mota. Na raka Baba har gida. Ya tuɓe rigar, ya ninke, ya ɗauki fartanya.

"Malam, ina za ka da ranar nan?" in ji Inna.

"Gona."

"An hana fa."

"Na sani."

Wannan ce dokar farko da ya karya a rayuwarsa. Da la'asar direban motar yashi ya hango shi kife a cikin ciyawa. Aka kai shi asibiti, gefe ɗaya ya shanye, baki ya karkace. Bai sake magana ba har ya cika. Ni da na yi ta zuga shi ya shuka, na yi kuka har muryata ta dushe, kuma har yau ban huce ba.

Bayan masu gaisuwa sun watse, Inna ta ce in raka ta gonar. Mun tarar an riga an kafa turaku masu jan ƙyalle, a jere, ta tsakiya, inda titi zai bi. Muka kutsa cikin ciyawa har inda ya faɗi. Wurin da ya nome bai fi faɗin tabarma ba, amma tas, kunya biyu miƙaƙƙu kamar an ja da zare.

Inna ta durƙusa a hankali, ta fara tsince ciyawar da ya sassare bai kai ga kwashewa ba.