Wayar da Aka Ce Ta Mutu

Ƙarar ta fara ne bayan an kashe fitilu, siririya, tsit-tsit, kamar gyare mai mura. Mai Rediyo ya ɗaga kai daga matashi ya kasa kunne. Daga ƙasan bene take fitowa, daga ɗakin da 'yarsa ta ajiye injin ƙyanƙyasar ƙwai, a bayan shagonsa na gyaran rediyo. Ya juya dama, ya juya hagu. Ya tashi ya lalubi takalmi, ya samu ƙafa ɗaya. Can sai ya yi murmushi. Ai 'yan tsakin ne suka ƙosa, suke hira cikin ɓawo, don ya taɓa jin an ce suna kiran juna kafin su fito.

Makullin ɗakin yana hannun 'yar, can gidan mijinta, kuma ta sha gaya masa, "Baba, kada ka wahalar da kanka. Ko yaya zafin injin nan ya ragu, shi da kansa zai kira ni a waya." Ya koma ya kwanta, amma barcin ya ƙi zama.

Gari na wayewa layin shagunan ya kaure. Mai kemis tana ta dukan kwamfutarta da tafin hannu. Mai buga takardu, wanda akwatin intanet na kowa yake shagonsa, yana shiga yana fita, waya manne a kunne.

"Sun ce za su sa mana intanet mai gudu," in ji shi, "ga shi ya yi gudun har ya bar garin!"

Jiya da rana ne masu saka intanet suka zo da tsani da dunƙulen sabuwar waya, suka yi ta huda bango.

'Yar ta iso da sauri, mayafi a hannu. "Baba, tun jiya injin bai turo mini komai ba. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, uwata. 'Ya'yanki ma kwana suka yi suna surutu."

Ta tsaya cak. "Surutu kamar yaya?"

Ya kwaikwaya mata, tsit-tsit. Ba ta jira ya gama ba ta ruga ta buɗe ɗakin. Jar fitila tana ƙiftawa a goshin injin, abin da ke ba shi zafi ya tsaya, shi kuma yana ta kuka yana neman ta, ba hanya. Ta sa hannu cikin tire. Ƙwan sun yi sanyi kamar duwatsun rafi, ƙwan da jibi ne za su fashe, waɗanda ta sayar da kekenta na ɗinki ta saya.

Mai buga takardu ya bi bango da ido har ya ga tsohuwar waya mai ruwan toka tana lilo, a datse. Ita ce ke kai intanet shagon kemis da ɗakin ƙwan. Nan take ya kira masu aikin, suka dawo, ogansu a gaba yana goge gumi.

"Mu fa ba ma yanke waya mai rai, maigida. Yarona yana kan tsani ya tambaya, wayar nan taku tana aiki? Aka ce masa ta mutu tun safe, sai dai a jefar."

Mai Rediyo ya dafa aljihunsa. Ya tuna muryar yaron daga saman tsani jiya, ya tuna kansa a sunkuye yana jijjiga tsohuwar wayarsa ta hannu da ta ƙi kamawa, ya amsa bai ko ɗago ba. Ya tuna ƙarar filaya, ƙas. Wayar tana cikin aljihunsa yanzu, ta sha caji, tana raye sarai.

'Yar ta fito da ƙwai biyu, ta haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya, ta kara a kunne. Ba motsi. Ta ajiye su a hankali a kan bencin uban, tsakanin sukurori, ta zauna a ƙasa.

Mai kemis ta riƙe ƙugu, ta dubi ogan, ta dubi jama'a.

"To wai tsakani da Allah, wa ya ce musu ta mutu?"