Baƙon da Ba a Yi wa Rakiya Ba

Maganar daga kasuwar Kafin Maiyaki ta taso, daga rumfar masu awon masara, kuma ta riga Hajiya Baturiya isa gida. Wai an kori 'yan akwati daga Dangora. Abin da suka yi kuwa, kowane baki da nasa. Wani ya ce hoton da bai dace ba aka gani a littafin yara. Wata ta ce sunayen matan aure suke kwasa suna aikawa ƙasar waje. Wani dillalin awaki ya rantse cewa korar kare aka yi musu, ko da yake da aka matsa masa sai ya ce shi ma a mota ya ji.

'Yan akwati wata ƙungiya ce ta ƙasar waje mai koyar da karatu. Sunanta na Turanci ya fi ƙarfin harshen mutane, sai aka laƙaba mata sunan akwatunan ƙarfe cike da littattafai da take rarrabawa ƙauyuka da rugage. Ba sa buɗe ofis nasu na kansu. Duk inda suka je sai sun sami ƙungiyar gida mai rajista ta zama mai masaukinsu, ta ba su ɗaki, ta ara musu suna, in wani abu ya taso ta tsaya musu a gaban hakimi da ƙaramar hukuma. Shekara da shekaru suna hannun Ƙungiyar Hasken Gari ta Alhaji Maikano a Dangora. Yanzu ga su suna yawon neman sabon masauki. Sun je Bebeji, an ba su ruwa an ce za a duba. Sun je Tudun Wada, an ce Allah ya kai mu. Ba wanda ya sake waiwayar su. In kaka ta yi ba su samu ba, za a kwashe akwatunan a kai wata jiha, ajin matan Ɗansoshiya da na rugage su mutu.

Hajiya Baturiya ita ce shugabar ƙungiyar mata masu turara shinkafa a Kafin Maiyaki. Kafin nan hedimistires ce, ta ƙarar da ƙuruciyarta da alli a hannu, kuma ta ji ƙaryar yara iri-iri har ta daina yarda da labarin da kowa ya yarda da shi. Ta taɓa zuwa ajin Ɗansoshiya, ta ga mace mai jikoki tana karanta katin asibitinta da kanta, tana bi da yatsa. Shi ya sa da jami'ar 'yan akwati, wata yarinya 'yar birni mai suna Bahijja, ta zo mata da buƙatar, ta ce za ta kai maganar gaban mata. Ta faɗi haka kafin jita-jitar ta ɓulla.

Kande, mataimakiyarta, ita ta fara tare ta a filin shanya, tana juya shinkafa da ƙafa.

"Malama, kin ji abin da baƙinki suka tafka?"

"Na ji abubuwa da yawa. Wanne kika zaɓa?"

"Ki yi ta ba'a. Ruwa ba ya tsami banza."

"Yana yi, Kande. Ki zuba shi a kwano ki manta da shi, ki gani."

Kande ta daina juya shinkafar, ta riƙe ƙugu. "To bar batun kasuwa. Ki amsa mini wannan. Wa ya rako yarinyar nan tasu? Ke kin san ko falke ne zai sake masauki, tsohon maigidansa ke riƙo hannunsa ya kawo shi ƙofar sabon, ya ce ga amana, mun zauna lafiya. Ita fa? Daga ita sai direba da jakar hannu. Baƙon da ya fito ba sallama, ko ya yi sata ko ya yi ɓarna. Mu ara masa suna, gobe hakimi ya aiko, wa za a kira? Ke."

Hajiya ta jinjina kai. Ashe abin da ya toshe ƙofofin Bebeji da Tudun Wada ke nan.

Ta aika aka kira Bahijja. Ta zaunar da ita a tabarma, ita kuma ta hau kujera, kamar dai a ofishinta na da.

"'Yata, me ya haɗa ku da Alhaji Maikano?"

"Wallahi Mama, babu abin da ya haɗa mu."

"To me ya raba ku?"

Bahijja ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. "Dokokin babban ofis ne suka sa."

"Wace doka?"

"Mama, ki yi haƙuri. Ba hurumina ba ne in faɗa."

"Kin yi masa sallama?"

"Na je na gode masa, mun kuma rubuta masa takardar godiya."

"Takarda ba ta da ƙafa, ba ta rakiya. Me ya hana ki ce ya kawo ku?"

Shiru. Hajiya ta dube ta ta saman tabarau. Ta san shirun mai laifi, ta san na mai jin tsoro, wannan kuwa ta kasa ajiye shi a ko ɗaya. Yarinyar tana ɓoye wani abu, wannan babu shakka. Hajiya ta sallame ta ba tare da ta yi mata alkawari ba, ba kuma tare da ta janye na farko ba.

Washegari da hantsi ta hau babur zuwa Dangora, tana faɗa wa mai babur ya tuna tsofaffin ƙasusuwa ya ɗauko, ba buhun taki ba. Ba ta fara da gidan Alhaji ba. Wanda yake son sanin aji, ba ofishin hedimasta yake fara shiga ba. Ta sa aka sauke ta a ofishin Hasken Gari.

Allon da ke bakin ƙofa sabon fenti ne, kore da fari, har yana sheƙi. An share gaban ƙofar tsaf. Amma kwaɗon ya yi tsatsa. Ta zagaya baya ta leƙa ta taga. Bencina na jingine bisa juna, gara ta ci ƙafafun na ƙasa. A kan teburin shugaba wata kaza ce kwance a kan ƙwai, ta shigo ta inda kwano ya yaye, ta dubi Hajiya kamar ita ce mai wurin.

Daura da ofishin wata dattijuwa, Safara'u, tana suyar ƙosai. Hajiya ta gaishe ta, ta tambayi gida da jikoki, ta sayi ƙosan da ba ta da niyyar ci, sannan ta zauna a kan dutse.

"Yaushe rabonki da ganin taro a ɗakin nan?"

"Taro? Ai tun kafin Malam Mudi ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shi ne mataimaki."

"Sakataren fa?"

"Ya koma Doguwa noman dankali, da iyalinsa duka. Samarin kuwa, wasu Abuja, wasu Legas. Dattawan, wanda bai mutu ba ƙafa ta ƙi. Sai Alhaji. Duk Juma'a yana zuwa da tsintsiya ya share, ya zauna a bakin ƙofa har a kira salla."

Hajiya ba ta saki jiki ba. Mutane na iya watsewa don sun ga abin da ba sa so. "Ko dai 'yan akwatin ne suka kore su?"

Safara'u ta yi dariya har ta kusa sakin matsamin. "Su da suke karatunsu a rumfar bayan masallaci, me ya kawo su nan? 'Yar autata a wurinsu ta koyi karatu, yanzu ita ke karanta mini saƙon waya. Ni dai na ji ana cewa sun yi abu. Na tambayi Alhaji da bakina, ya ce Allah ya rufa asiri. To tunda ya faɗi haka, ai ka san da magana."

A zaure ta sami Alhaji Maikano, ya rame fiye da yadda ta san shi, amma rigarsa a goge. Sun san juna tun tana hedimistires a garin, lokacin da ya tara 'yan Hasken Gari, mutum fiye da cikin ɗaki, suka yi aikin gayya suka gina mata aji. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida, ta gona, ta waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Aka kawo mata fura.

"Alhaji, baƙinka sun zo ƙofata."

"Haka na ji."

"Me suka yi maka?"

Ya shafa gemu, ya dubi bakin zaure. "Hajiya, Allah dai ya rufa asiri."

"Amin. Asirin wa?"

Ya dube ta. "Har yanzu ba ki sake ba. Yadda kike titsiye yara."

"Yara sun fi ka saurin amsawa. To tunda ba ka faɗa, ka haɗa ni da 'yan kwamitinka in gaishe su, ko su za su faɗa mini."

"Ai lokacin noma ne, kowa yana gona. Wasu kuma sun ɗan yi tafiya."

"Alhaji, na leƙa taga. Na gaisa da kazar."

Alhaji ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce babban ofishin 'yan akwati ya sa doka, kowace shekara mai masauki ya tara 'yan ƙungiyarsa a zauna da su. Bara ya ari maƙwabta ya zaunar a benci. Bana Bahijja ta tambayi ɗaya daga cikinsu muƙaminsa, mutumin ya ce shi fa kiransa aka yi a ba shi lemo.

"Ba ta ce da ni komai ba. Ta durƙusa ta yi godiya ta tafi. Ni kuma ban taɓa cewa sun yi wani abu ba, Allah shaida."

"Ba ka kuma ce ba su yi ba."

"Ita ma ba ta nemi rakiya ba."

"Ta ja ka gari-gari ana tambayarka dalili? Raga maka ta yi. Tana can tana rufa maka asiri, kana nan kana barin kasuwa tana yayyaga nata." Hajiya ta ture kwaryar fura gefe. "Ranar Asabar mata za su zauna. Ka rako baƙinka kamar yadda aka saba."

"In na je za su tambaye ni."

"Za su tambaye ka. Kande ce ma za ta fara."

Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya rako ta bakin zaure, ya ce ta gaida gida.

Ranar Asabar mata suka cika rumfar filin shanya, ƙamshin turaren shinkafa na tashi daga tukwane. Bahijja na gefe a ƙarshen tabarma, ba mai kula ta. Hajiya ta buɗe taro da addu'a, sannan ta shiga jan lokaci da zancen itace da na mai inji, idonta na kan hanya. Tun daga Dangora take juya abin a ranta. In bai zo ba, ko ta tona dattijon da ya gina mata aji a gaban mata talatin da bakunansu, ko ta yi shiru akwatuna su bar jihar. Ta duba ta duba, ba ta ga wanda za ta iya ba.

"Malama," in ji Kande, "zancen itacen nan ya dahu. A zo kan na baƙi."

Daidai nan babur ya tsaya a bakin fili. Alhaji Maikano ya sauko da ƙyar, cikin babbar riga fara, da sanda. Mata suka gyara lulluɓi, aka miƙa masa kujera, ya ƙi zama. Ya yi sallama, ya yafito Bahijja ta taso ta tsaya a bayansa.

"Hajiya Baturiya, da ku iyayenmu da 'yan'uwa. Ga baƙina na kawo muku. Amana ce, na danƙa a hannunku."

Mata suka dubi juna. Kande ta gyara zama ta yi gyaran murya.

"Alhaji, sannu da hanya, mun gode da girmamawa. Mu dai mun riga mun yi magana a tsakaninmu. In baƙin nan ba su da laifi, ɗakin ajiyarmu na gabas nasu ne, sunanmu ma nasu ne. Amma mai ɗaukar kaya yana tambayar abin da ke ciki. Me ya fitar da su daga hannunka?"

Bahijja ta buɗe baki, Hajiya ta ɗaga mata yatsa ta yi shiru. Alhaji ya dogara da sandarsa da hannu biyu.

"Ba wanda ya kore su, kuma ba su yi wa kowa komai ba," ya ce. "Hasken Gari ce ta mutu. Ni kaɗai na rage a cikinta."