Ranar Binne Littattafai a Yazd

Shekara arba'in da ɗaya Mulla Rahamim ya yi yana koyar da 'ya'yan Yahudawan Yazd a ɗakuna biyun da ke bayan ɗakin ibadarsu. Nan ubansa ma ya koyar, zamanin da yara ke zama har bakin ƙofa, gwiwa na gugar gwiwa. Sai gidaje suka fara rufewa, wannan ya koma Tehran, wancan ya ƙetare teku. Ɗalibin ƙarshe bara ya tafi.

A al'adarsu, littafin da ke ɗauke da sunan Allah ba a ƙona shi, ba a zubar da shi. In aikinsa ya ƙare, maƙabarta ake kai shi a binne kamar mutum. Dattawa suka ce lokacin binne littattafan makarantar ya yi. Mulla kuwa, sarkin taurin kai, wata shida ya yi yana kwana-kwana, don ya san ranar da littattafan suka shiga ƙasa, makaranta ta mutu ke nan.

"Yaya, gara ce fa ke karatu a ɗakin nan yanzu," in ji ƙanwarsa Tawus. "Ita za ka yi wa jarrabawa?"

"Ko garar ta fi 'ya'yanki ƙwaƙwalwa."

Amma dai ranar Lahadi da hantsi suka kai buhu shida maƙabarta. A bakin rami ya tsaya yana duba littattafan ɗaya bayan ɗaya, wai tantancewa yake, alhali jan lokaci ne kawai. Can ya ci karo da wani na 'yan farin shiga, sabo fil, shafukansa manne da juna.

"Wannan ba yaron da ya taɓa buɗe shi. Ta yaya zan binne abin da bai rayu ba?"

Ya zauna a kan tarin ƙasa, ya raba shafi da farce, ya rera layin farko da muryar aji. Sai ya dakata don yara su maimaita. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarfinsa.

Daga bayansa wata murya ta amsa, tana rawa, amma ba kuskure ko ɗaya. Tawus ce. Ita da ba ta taɓa taka ajin ba, don ubansu bai yarda da karatun 'ya mace ba.

"Ke! A ina kika koya?"

"A gindin taga, ina tsince shinkafa. Shekara sittin ba wanda ya ce in maimaita." Ta share ido da bakin gyalenta, ta zauna kusa da shi. "Ci gaba mana, Yaya. Layi na biyu."