Sammacin da Aka Ɓoye wa Baba

Tun ranar da likita ya ce jinin Baba kafinta ya hau, kada a riƙa tayar masa da hankali, gidan ya koma gidan albishir. Ko akuya ce ta mutu, sai a ce masa ta tafi kiwo.

Ana haka maƙwabcinsu mai gidan bene ya kai ƙara, wai rumfar da Baba ke aikin katako ta ci masa fili. Masinjan kotu ya kawo sammaci Baba na barcin rana. Mama ta karɓa, babbar 'yarta ta karanta mata, suka kalli juna, takarda ta shige ƙarƙashin katifa. Takarda ta biyu da aka kawo ma can ta bi 'yar'uwarta. A ganinsu, maganar da ba a tanka mata ba mutuwa take yi. Kotu kuwa ba ta san da wannan ba. Da aka gaji da jiran Baba, alƙali ya yanke hukunci a bayan idonsa: a rushe rumfar.

Da labarin hukuncin ya iso gida, sai ga Mama da 'yarta a ofishin lauya, ido ya raina fata.

"Ana iya roƙon kotu ta jingine hukuncin a sake sauraro," in ji lauya. "Amma sai ya zo da kansa ya rantse bai taɓa ganin sammacin ba."

"Ba za a iya yi a ɓoye ba?" Mama ta tambaya.

"Hajiya, ai ɓoyon ne ya kawo mu nan."

Dole aka faɗa masa, 'yar riƙe da magani, Mama da kofin ruwa. Baba ko gezau. Ya ajiye zarto, ya nemi hularsa.

A kotu ya rantse, ya kuma ce turakun iyaka suna nan tun kafin a gina benen, a je a duba. Alƙali ya kalli Mama ta saman tabarau, ya girgiza kai, ya jingine hukuncin, ya sa ranar sauraro.

Mama ta dawo gida baki har kunne. "Ka gani, Malam, rumfa ta tsira. Mu fa don lafiyarka muka yi."

Baba ya tsaya yana shafa teburin aikinsa. Abin ya yi masa ciwo, bai kuma ɓoye ba.

"Na sani. Amma alƙalin nan bai san ni ba, ya ce a bar ni in yi magana da bakina. Ku da kuka san ni, kun fara zaman makokina ina tsaye."