Filtar Motar Korau

Jiya da dare Korau direba ya yi wani mafarki, amma a cikin mafarkin rana ce tsaka, inuwar kowa tana tsaye bisa kansa kamar laima.

Ya tsinci kansa yana tura motarsa a kan wata hanya mai jar ƙasa, bonet a buɗe. Motar dai tasa ce ta zahiri, wadda ya yi shekara tara yana haya da ita. Injinta na asali ƙurar hanya ce ta cinye shi a hankali har ya buga. Da ya samo wani na kwatano mai turbo, wato mai ƙaramar fankar nan da ke ɗura wa inji iska, sai injin ya cika cikin motar taf, akwatin filtar iska ya rasa mazauni. Abin da ya rage ɗan lungu ne tsakanin batir da fitila, taƙi ɗaya da yatsu biyu. Korau kuwa ya rantse ba zai tayar da injin nan ba sai ya samo filtar da ta dace da lungun, don wanda maciji ya sara ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Ya cusa tsumma a bakin turbon, ya ajiye motar gindin darbejiya.

A kujerar baya yayansa Cindo ne zaune, sanye da jallabiyarsa ta zuwa masallaci, hannu dafe da ƙirji. Shekara ashirin Cindo ya yi yana fasa dutse, garin dutsen ya taru masa a huhu. Korau ya san sarai cewa an binne shi kwana arba'in da suka wuce. Ranar da ƙirjin ya shaƙe, motar ta yi mako uku a ajiye tana jiran filta. A babur aka ɗauke shi, an sa shi a tsakiya, Korau na riƙe da shi ta baya, kuma bai kai asibiti da rai ba. Duk wannan Korau ya sani, amma ganinsa a motar bai ba shi mamaki ba.

"Korau, da saura?" in ji Cindo.

"Kaɗan ya rage, Yaya. Filta kawai zan saya."

"To. Ka zaɓi mai kyau."

Can gaba, a kan wani tudu, ana hango asibitin da farin fentinsa. Kusa yake, ko jifa aka yi sai ta faɗa ciki.

Ba su je kasuwa ba, kasuwar ce ta zo ta same su. A garin nan masu saye ke tsayawa wuri ɗaya, rumfuna kuma su yi ta wucewa kamar jerin gwano. Rumfar tayoyi ta wuce tana mirginawa. Ta fitilu ta wuce tana ƙifta ido. Sai ta kayan inji ta ja birki a gabansu. Mai rumfar raƙumi ne, da tabarau, da biro maƙale a bayan kunne. Filtocinsa a cikin akurki suke kamar kaji, kowacce tana kumbura tana sacewa, tana numfashi a hankali.

"Malam direba, mene ne awon?" in ji raƙumin.

Korau ya ware yatsunsa. "Taƙi ɗaya da yatsu biyu. Bakin turbon kuma inci uku."

"Taƙin wa? Mu nan da hannun mamaci muke awo, shi ne ba ya rawa."

Cindo ya miƙo hannunsa ta taga. Raƙumin ya shinshina shi, ya gwada shi da igiya.

"Wannan bai gama mutuwa ba tukuna," ya ce, "amma za mu yi maneji."

Ya ciro ta farko, ta takarda, mai ninki-ninki, faffaɗa kamar faifai. "Wannan mai tsoron Allah ce. Ko ƙwayar ƙura ba ta bari ta wuce."

Korau ya karɓa da hannu biyu, don irinta yake so tun farko. Ya kai ta lungun, ta ƙi shiga. Ya juya ta a kaikaice, ta ƙi. Da yatsa ɗaya tak ta fi wurin. Ya danna da ƙarfi.

"Malam, ka taka ni," in ji batir.

Ya ba batirin haƙuri. Da ya ɗaga kai, sai ya ga asibitin ya matsa baya, yanzu sai an yi tafiyar ƙafa mai ɗan dama.

Raƙumin ya ciro ta biyu, 'yar ƙarama mai siffar mazurari, ta auduga, an shafe ta da jan mai. Ta shige lungun sumul, har ta yi hamma. Amma wuyanta inci biyu da rabi ne, bai kama bakin turbon ba, kuma wurin da ta kwanta yana jikin bututun hayaƙi, inda iska ke da zafi.

"Wuyan ba matsala ba ne, a naɗe da roba," in ji raƙumin. "Sai dai ba zan ɓoye maka ba, ta yi wa injin nan kaɗan. A gangare za ta kai ka ko'ina. A hawa kuwa, injin zai riƙa jan iska yana kasawa, yana ja yana kasawa, kamar..."

Ya dubi kujerar baya, ya gyara tabarau.

Asibitin a kan tudu yake. Korau ya mayar da ita akurki.

Ta ukun ba filta ba ce sosai, ragar waya ce kawai kamar rariyar tankaɗe, da zobe mai inci uku cif. Ta kama bakin turbon kamar tare aka haife su.

"Wannan ba ta da rowa," in ji raƙumin. "Iska ta wuce, yashi ya wuce, in an yi sa'a gwara ma ta wuce."

Cindo ya yi tari mai tsawo, irin wanda yake yi har ya riƙe bango. Da ya lafa, ya ce, "Ƙanena, ɗauki wannan ɗin mana. Ai nan da can ne."

"Yashi zai cinye fankar turbon, Yaya."

Korau ya ji maganar ta fita daga bakinsa, ya so ya kamo ta. Kalmomin suka zube ƙasa suka zama notuna da kusoshi, suka gangara ƙarƙashin mota. Ya durƙusa yana lalube a cikin jar ƙasa, bai tsinci ko ɗaya ba. Cindo ya jingina kansa da gilashi.

"Kowacce ka zaɓa, sai da hatimin Ofishin Iska," in ji raƙumin, rumfarsa kuma ta yi gaba.

Ofishin a cikin rijiya yake, ana hawa matakala a sauka ciki. Hawainiya ce a kan tebur, ido ɗaya na kallon Korau, ɗayan na kallon shekarar da ta wuce. Ta ɗaga hatimi tun azahar, har aka kira la'asar bai sauko ba.

"Iska nawa injinka ke sha in ya yi zafi?" ta tambaya.

Korau ya faɗa mata, har da ɗigo, don ya daɗe da haddace lissafin.

"Madalla. Yayanka fa?"

"Ban sani ba, ranki ya daɗe."

"Ba gida ɗaya kuke ba?"

"Gida ɗaya. Katanga ce kawai tsakaninmu."

"Kana jin tarinsa?"

"Kullum, kafin a kira sallah."

"Shekara nawa?"

"Shida."

Hawainiyar ta rikiɗe ta koma fara fat. Ta sauke hatimin, ba a kan takarda ba, a goshinsa. Bai ji zafi ba, sai nauyi.

"Je ka," ta ce. "An amince ka ci gaba da tunani."

Da ya dawo bakin motar, lungun ya tsuke. Duk kallon da ya yi masa sai ya ragu. Daga taƙi ya koma tafin hannu, daga tafin hannu ya koma ramin kurciya irin wanda yara ke tonawa. Asibitin kuwa ya zama ɗan farin ɗigo a ƙarshen duniya. Daga kujerar baya ba a jin tari yanzu, sai wani siririn fito, shiga da fita, shiga da fita.

Nan Korau ya ji komai ya fice masa daga rai, da injin, da turbon, da shekara tara na haya. Ya kama tsumman da ke bakin turbon ya ja. Tsumman ya yi ta fitowa ba ya ƙarewa, baƙin mai a farko, sannan fari sol, yadi bayan yadi, yana ƙamshin turaren da ake sa wa gawa. Ya tara shi a gefen hanya. Ya bar bakin turbon a buɗe, ba filta, ba raga, ba komai. Ya shiga ya murɗa makulli.

Bugu ɗaya injin ya tashi.

Ya tashi lafiya lau, da murya mai daɗi, ba gargada ba hayaƙi, kamar dama jira yake a tambaye shi. Korau ya sa giya. Motar ta haye tudun ba ta ko yi nishi ba. Bai gama karanta Fatiha ba suka tsaya a ƙofar asibitin.

"Ka gani?" in ji Cindo daga baya. "Ashe ba nisa."

Ba da zargi ya faɗa ba. Da muryar nan ya faɗa, wadda yake yaba wa Korau da ita tun suna yara, in ya iya ɗaura wa jaki mangala shi kaɗai. Da ma zagi ne, da ya fi sauƙi.

Maigadin asibitin jaki ne da hular sanyi. Ya leƙo ta taga, ya duba rana, ya duba goshin Korau.

"Sannunku da ƙoƙari," ya ce. "Kun makara da kwana arba'in. Amma motar nan tana da lafiya, wa ya ɗaura maka injin?"

Cindo ya buɗe ƙofa ya fito da kansa. Ya karkaɗe jallabiyarsa, ya tsaya ya ja iska har cikin ciki, irin jan da Korau bai ga ya yi ba tun suna samari. Sannan ya sunkuyo ta tagar direba.

"Koma ka zaɓa a natse, ƙanena. Yanzu ba mai jiranka."

Ya bi ta gefen katangar asibitin, ba ta ƙofa ba, ya nufi wata gona da ba a shuka komai ba. Korau ya buɗe baki zai kira shi, sai turbon ya zuƙe kiran tun bai fita ba. Ya sake kira, ya sake zuƙewa. Ya nemi makulli ya kashe injin, babu makulli. Injin ya ci gaba da aiki lafiya lau, yana shan ƙura, ko a jikinsa.

Ƙarar wayarsa ce ta tashe shi, tana ɓari a kan faranti kusa da katifa. Gari ya waye tangaran, sallar asuba ta wuce shi. Ya lalubo wayar. Barau ne, mai kayan gyara na kasuwa.

"Malam Korau, albishirinka! Kayan nan sun iso, iri uku na samo maka, duk ƙanana, duk inci uku. Akwai ta takarda, akwai ta auduga, akwai ta soso. Wacce zan aiko?"

Korau ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Malam Korau? Kana ji na?"

"Ina ji," ya ce. "Aiko kowacce."