Gurbi Goma Sha Ɗaya

…to ta yaya ya sani? Haula tana kallon rawayan layin nan a allon kwamfuta, shayinta ya huce, 'yan acaɓa na ta hon a bakin shago. Gargaɗi. Ba kuskure ba — kuskure ja ne, ya tsayar da kai cak. Wannan kuwa barinka yake ka wuce, kamar tsohon da ya ce hanyar ba kyau, ya ci gaba da cin goronsa.

Kwamfaila… manhajar da ke juya rubutunta zuwa yaren na'ura. Tun damina ba ta faɗi ba kwamfailan yake maimaita magana ɗaya: kina zuba rubutu a ma'aji ba ki auna ba. Ita ta ɗauka mita ce. Ai na'urar da ta haɗa na aiki! Tana can a kafe bakin mayo a Belel, tana auna ruwa, in kogi ya taso ta aika wa makiyaya saƙo su janye shanu.

Gurbi goma sha ɗaya ta ware wa lambar waya. Lambar Najeriya ke nan, wa bai sani ba? Amma Belel — ta tuna Kawu Bakari a kan tudu, waya sama, yana dariya: «Nan sabis ɗin Kamaru ya fi kama, 'yata.» Layin Kamaru… ga lambar ƙasa a gaba… ta fi tsawo. Ragowar ina za ta zuba? Maƙwabci. Me ke maƙwabtaka da ita a ƙwaƙwalwar na'urar? Ta duba. Ta sake dubawa. Iyakar ruwa — adadin da in an kai shi ake kururuwa. In ya gurɓata, kogi zai cika ba saƙo.

Ikon Allah! Masu ƙera kwamfailan, wasu mutane can wata duniya, ba su san Belel ba, ba su taɓa jin ƙarar mayo in ya cika ba, suka zauna suka hango ramin da za ta faɗa, suka bar mata magana. Mamaki take, har da kunya, har da wata irin godiya.

Gyaran layi ɗaya ne. A nan. Amma na'urar na can, sai an je da kebul, hanya kuwa duk taɓo…

Waya na rawa a kan tebur. Kawu ne, murya fal murna: ya bi rugage kaf, kowa ya yi rajista yau da layinsa na Kamaru, na'urar ta karɓa, yadda ta roƙa.

Ta leƙa waje… gabas ta yi baƙi ƙirin da hadari.